Yadda Anka Yi wa Injiniya Maganin Maye

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titi a Tambuwal, kusa da inda masu zuwa Kebbe ke karkata su bar babbar hanya. Boko na taɓa shi kaɗan, na shiga sakandare ban yi nisa ba tsohonmu ya ce kaina ba na karatu ba ne, in je in nemi abin yi. Wana shi anka bar wa littattafan gida da buzun tsoho da zaure, shi ne Malam. Ni kuwa ko a taron gida na buɗe baki, sai a yi shiru har in gama, sannan a ɗora daga inda anka tsaya, kamar akuya ce ta yi atishawa. Ina faɗin wannan ne don a san nauyin maganata a gidanmu kafin in shiga zancen ɗan Malam.

Shi ne na farko a gidan da ya shiga jami'a. Bai gama shekarar farko ba gari ya sa masa Injiniya, har tsofaffin matan da ba su san aikin injiniya ba haka suke kiransa. In ya zo hutu shi ake shimfiɗa wa darduma, shi ake tambaya ko gwamnati za ta kawo taki bana. Ni ma ina son shi, ba zan ɓoye ba. Duk 'ya'yan gidan shi kaɗai ke zuwa rumfata ya zauna bisa tsohuwar taya bai kakkaɓe ta ba, ya cinye min gyaɗa, ya ce furfurata ta fi ta Malam yawa alhali ni ne ƙarami.

Shekarar da malaman jami'a sunka daɗe suna yajin aiki, ya dawo gida ya zauna. Shi da abokansa 'yan jami'a, wasu na cikin gari, wasu na Dogon Daji, ɗaya na Sanyinna, sunka mai da wata garkar mangwaro ta bayan gari wurin zamansu. Kullum za ka gan su bisa babura da robobin lemo a hannu. Robar ta lemo ce, launin ma na lemo ne, amma in ɗayansu ya sunkuyo kaina yana nuna min inda ƙusa ta shiga, abin da ke fitowa daga bakinsa ba lemo ba ne. Direbobin manyan motoci suna tsayawa wurina shan iska, na san wannan wari.

Na ja shi gefe na yi masa magana. Bai musa ba, dariya ma ya yi. Ya ce a makaranta ba a ɗauki wannan a bakin komai ba, ranar da anka gama jarrabawa har gasa ake yi a ɗakunan kwana a ga wanda zai fi daɗewa bisa ƙafafunsa, kuma shi ba a taɓa kada shi ba. Da alfahari ya faɗa, kamar mai ba da labarin kokawar da ya ci. Na ce to babur fa? Ya ce ai sai ya ɗan taɓa ne hannunsa ke daidaita.

Na kai wa Malam maganar. Ya tambaye ni ko na gan shi yana sha da idona, ko ina da shaidu. Na ce hancina ne shaida. Ya yi min dogon karatu a kan ƙazafi da hassada, ya rufe da cewa wanda bai samu karatu ba shi ya fi kowa ganin aibun masu karatu. Na tashi na koma bakin tayoyina.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, da kaka, ana kwasar gero daga gonaki. Wani abokin karatunsu ake ɗaura wa aure a Kebbe bayan an sauko masallaci. Da hantsi sunka wuce ta gaban rumfata a jere, shaddodi sun sha sitati, huluna a karkace. Injiniya ya ɗaga min hannu bai rage gudu ba.

Bayan la'asar ina cikin sa bawul a tayar wani ɗan kabu-kabu, sai ga abokin nan nasa ɗan Sanyinna ya tsaya a kaina, babu hula, gaban rigarsa duk jini. Bai tafi gidan Malam ba, wurina ya zo, don ya san a can akwai tambayoyi. Ya ce, "Baffa, Injiniya ya faɗi." Na ce da rai? Ya ce yana numfashi.

Akwai wani mai a-kori-kura da ke jiran lodi kusa da ni, ɗalibin Malam ne, yana ɗaukar karatu a zaurenmu. Yana jin ɗan malaminsa ne ya tada mota, munka shiga. A hanya ɗan Sanyinna ya ba mu labarin a gutsure. Wai da anka shafa fatiha ba su tsaya cin abinci ba, sunka ratse wata inuwa a wajen Kebbe don su taya ango murna irin tasu, da abin da sunka zo da shi a robobi, ciki kuwa babu komai sai goro da alawar ɗaurin aure. Da kai ya ɗauki zafi wani ya ce a ga wanda zai riga isa Tambuwal. Injiniya ne a gaba. A wata kwana ya iske amalanken shanu ɗauke da dammunan gero, ya kauce a makare, ya je ya daki bakin kwalbati.

Abin da na iske a wurin har yau ban manta ba. Yaro kwance a gefen hanya, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, gefen kansa ya kumbura, gashin ya jiƙe da jini, ƙudaje sun fara taruwa. Abokansa sun kewaye shi. Babu wanda ya yage ko hannun riga ya ɗaure masa kan. Amma tun kafin in kai gare shi ƙamshi ya tare ni, sai ka ce ɗakin amarya na shiga. Sun juye masa kwalbar turare a wuya da ƙirji da ɗan gemunsa. Ɗaya ya buɗe masa baki yana goga masa minti a haƙora. Wani yana can cikin gonar mutane yana cusa robobi ƙarƙashin karan dawa. 'Yan jami'a ke nan, manyan gobe, agajin da sunka iya ke nan. Rigata ta aiki na tuɓe, da baƙin man da ke jikinta da komai, na naɗe masa kan.

A lokacin idonsa a buɗe yake, ya kuwa gane ni. Ya ce, "Baffa, kar Malam shi ji." Na ce ya yi shiru. Munka ɗora shi a bayan mota. Abokan sunka ce ga su nan biye da mu. Kafin mu shiga gari sun zube ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami lungun da ya shige, sai ɗan Sanyinna kaɗai ya rage.

Na ce wa direba asibiti kai tsaye. Ya ce to, amma ya ciro waya ya kira Malam, don a ganinsa ba a kai ɗan mutum asibiti uban bai sani ba. Ina baya riƙe da kan yaro bisa cinyata, ban ji abin da sunka ce ba. Na dai ga mun bar hanyar asibiti mun shiga lungunmu. Na daki rufin mota har tafina ya yi zafi. Ya leƙo ya ce Malam ya ce a fara kawo shi gida ya gani, shi kuwa ba zai tsallake maganar malaminsa ba.

Malam ya fito daga zaure da carbi a hannu. Ya sunkuya kan ɗansa yana salati, sai na ga bakinsa ya tsaya. Turaren bai rufe komai ba, hawa kan warin kawai ya yi ya zauna, hanci yana jin kowanne daban. Ya miƙe a hankali, ya dubi mutanen da sunka fara taruwa a ƙofa, ya ce a yi maza a shiga da shi ciki, rana na dukansa. Babu rana a lungun a wannan lokaci, inuwar katanga ta rufe ko'ina. Anka wuce da shi can ƙuryar gida, ɗakin marigayiya tsohuwarmu, wanda ba a buɗewa sai za a ajiye buhuna.

A tsakar gida na tare Malam. Na ce Yaya, kansa ya bugu, asibiti za mu. Ya ce ƙafa ce ta karye, karaya kuwa tun kakanni mai ɗori ke yin ta, 'yan asibiti ba su san komai ba sai yankewa. Na ce ba ƙafa nake faɗi ba, kai nake faɗi. Sai ya rage murya. Ya ce ma'aikatan asibitin nan 'yan gari ne, ɗaya daga cikin nas-nas ɗin matar makwabcinmu ce, kafin a kira isha'i kowa a Tambuwal ya ji an kawo ɗan mai tafsiri yana warin giya. Ga shi a lokacin ana maganar ba Malam muƙamin na'ibin liman.

Ya ce, "Bari abin shi sake shi tukuna. Gobe in ya wartsake, in da buƙata, sai a kai shi da mutuncinshi."

Na ce, "Mutuncin wa, Yaya? Nashi ko naka?"

Ya ce tun ina yaro ba ni da ladabi, kuma ba yau zan koya ba. Ya fita ya gaya wa masu jaje a ƙofar gida cewa tayar gaba ce ta fashe. Kowa a lungun ya san wanda ke yi wa baburan gidan faci. Nan take wani dattijo ya juyo ya tambaye ni ko tsohon tib na sa wa yaron. Ina tsaye babu riga, jinin ɗan wana ya bushe a wandona, na haɗiye zargin.

Anka aika garin Jabo a ɗauko mai ɗori. Ya iso kafin magariba, tsoho ne da jakarsa ta kara da tsumma da man shanu. Ƙafa kawai anka nuna masa. Ɗakin da duhu, kan kuwa an cire rigata an naɗe shi da farin rawani, sai ka ce ado ne. Na sha ganin ɗori. Na ga ƙattin 'yan kokawa suna kiran iyayensu mata in anka ja musu ƙashi. Da tsohon ya ja ƙafar Injiniya har ƙashin ya yi ƙara, nishi kawai ya yi, irin na mai barci da sauro ya dama. Mai ɗori ya dakata, ya dube shi, ya dubi Malam, ya ce shi bai saba ganin wanda ake ja wa ƙashi bai yi kuwwa ba, anya lafiyarsa ƙalau in ban da ƙafar? Malam ya ce tofi anka yi masa. Tsohon ya jera karansa ya ɗaure, ya ce shi dai aikinsa a ƙashi ya tsaya, Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi.

Gidanmu gidan malamai ne. Babu wanda a cikinsa ya taɓa zama kusa da mai maye. Sun san hukuncinsa a littafi, sun san sunayen giya da Larabci, amma ba su san yadda take kama mutum ba balle yadda take sakinsa. Don haka duk abin da yaron ya yi sai a ce ita ce. Ya yi amai, anka ce alhamdu lillahi, ƙazantar ce ke fita. Ya fara magana ba kai ba gindi, yana tambayar uwarsa ko an shiga lakca, anka ce ai haka masu maye suke. Ya ce haske na sukan idonsa, anka toshe taga da buhu. Barci ya fara jansa, anka ce madalla, in ya tashi shi ke nan. Wata gwaggonmu ta ce ta ji ana cewa ruwan tsamiya na karya maye, nan da nan anka jiƙa tsamiya. Wata ta ce a ƙara da kindirmo. Mata suna kai da kawo da kofuna a ɓoye cikin zane don kar yaran gida su tambaya.

Ni ma ba zan iya rantsuwa a lokacin ba. Na sha ganin direba kwance ƙarƙashin motarsa kamar gawa, in an jima ya tashi ya wanke fuska ya ja. Amma direban bai daki kwalbati da kansa ba. Na sake faɗa, Malam ya ce in tafi gidana, iyalina na jirana, ya sa anka rufe ƙofar zaure bayana.

Da safe ban buɗe rumfa ba, can na nufa. Matar Malam, uwar yaron, abokiyar wasata ce tun da anka kawo ta gidan. In na shiga takan ce, Sarkin ƙusa, an zo cin ɗumame ke nan, matarka ta sake ƙona tuwo? Ni kuwa in ce miyarta ce ta fi kama da ruwan faci. Ran nan ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tana zaune a ƙasa kusa da shi da kofi da cokali. Ta zuba masa tsamiyar, ta bi ta gefen baki ta gangara wuya. Yana wani irin minshari mai nauyi, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Na kira shi, na murɗe masa kunne, ko motsi. Ƙarƙashin ɗaya kunnen matashin ya jiƙe da wani ruwa-ruwa mai haɗe da jini.

Ta ce a hankali, "Kai da ke zama bakin titi, abin ga haka shika daɗewa?"

Na ce ban sani ba, amma na san wanda ya sani.

Ɗan Sanyinna yana sauka ne a gidan wani kawunsa a bayan kasuwa. Na iske shi yana cusa kaya a jaka zai gudu ƙauye. Na riƙe wuyan rigarsa. Ya fara rantse-rantse cewa ba su sha da yawa ba. Na ce ba wannan na zo tambaya ba, abin da kunka sha, yaushe yake sakin mutum? Ya ce, bai tashi ba har yanzu? Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce Injiniya ya sha abin da ya fi na jiya nesa ba kusa ba a makaranta, kuma da safe shi ke fara shiga aji, iyaka ya ce kansa na ciwo. Sannan ya zauna bakin katifa ya ce akwai wani ɗan ɗakinsu da ya faɗo daga matakalar bene bayan irin wannan sha, sunka kwantar da shi sunka ce barci zai yi ya tashi, bai tashi ba. Dukansu sun san labarin, wasunsu ma su sunka ɗauke shi.

Na ce, "Kun san wannan, kunka tsaya fesa mai turare?"

Ya ce tsoro sunka ji, kar iyayensu su ji, kar labari ya kai makaranta. Na so in mare shi, amma hannunsa nake buƙata. Na ɗora shi bayan babur munka koma.

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, ta cikin zaure. Kuma safiyar Asabar ita ce zauren ya fi cika, 'yan kasuwa da dattawa da ma'aikatan da ba su zuwa ofis, kowa da littafinsa a cinya. Direban jiya ma yana ciki. Na tsuguna kusa da kunnen Malam na gaya masa abin da na ji da abin da na gani a matashi. Bai ɗaga ido daga littafi ba. Ya ce to, za a kai shi, amma a bari a tashi karatu mutane su watse, bayan azahar in lungu ya yi shiru sai a kawo mota bakin ƙofa. Ya ci gaba da fassara daga inda ya tsaya.

Na shiga ciki na gaya wa uwar, ban rage komai ba, har labarin ɗan benen. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kofin, ta tashi ta jawo hijabinta. Injiniya ɗanta ne na fari. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ko yana ciwo sai ta sa wata ta duba shi. Tun da anka haife shi ban taɓa jin ta ce masa komai ba sai wancan, ko yaron nan. Ta dube ni ta ce, "Ɗauko man ɗana."

Munka sa shi cikin bargo. Ni na kama wajen kai, ɗan Sanyinna wajen ƙafa, ita ta tallafe ƙafar da anka ɗora don kar karan ya goce. Gwaggo tana bin mu tana cewa a bari Malam ya ba da izini. Matar da tun aurenta ba ta taɓa ratsa zauren nan da rana maza na zaune ba, ita ta ture labulen da kafaɗa.

Karatu ya tsaya. Malam ya ce ina za mu da shi. Na ce asibiti. Ya ce ai ya ce a jira.

Ta ce, "Malam, kai ka jira. Ni na gama."

Ni ya juyo wa. Ya ce in na fita da yaron ta ƙofar nan a gaban mutane, to ni ma na fita ke nan. Na ce na ji, shi dai ya janye buzunsa kar ƙafar yaro ta taɓa shi. Wani tsohon ɗan kasuwar hatsi ya ajiye littafinsa ya miƙe ya kama gefen bargon, yana tambaya me ya same shi haka, ba an ce ƙafa ce kawai ba? Na faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma zai ji. Na ce giya ya sha ya faɗi bisa babur, kansa ya bugu, tun jiya yake kwance a ciki ana ba shi tsamiya.

Babu wanda ya suma. Rufin zaure bai faɗo ba. Tsohon ya yi salati ya ce, "Tun jiya?" Abin da ya tambaya ke nan. Direban ya dubi Malam, ya dube mu, ya laluba aljihu ya ciro makulli.

A asibiti kuwa matar makwabcin namu ce munka iske a bakin aiki, ita ɗin da ake tsoro. Ba ta shinshina kowa ba. Ta buɗe masa ido ta haska ɗaya, ta haska ɗayan, ta tambayi yaushe ya faɗi. Na ce jiya da la'asar. Ta ce me anka ba shi? Na ce tsamiya da nono. Ta dube ni, ta dubi uwar, ta ruga kiran likita. Likita ya ce yana jin jini ne ya taru cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, wannan ba aikin nan ba ne, sai Sakkwato, kuma yanzu. A can anka ɗauki hoton kan, anka shiga da shi tiyata anka buɗe. Da likitan da ya yi aikin ya fito na tambaye shi gaskiya. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa, rai da lafiya na Allah ne, amma irin wannan in an kawo da wuri mutum yakan tashi ya koma harkarsa. Ya ce abin da jinin ya danne ya daɗe a danne.

Ya rayu. Ƙafar ta haɗu sarai, mai ɗori ya yi aikin da anka nuna masa. Amma hannun dama ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba, harshe ya yi nauyi, kuma yakan fara magana ya manta inda za shi. Anka janye yajin aiki, abokansa sunka koma, sunka gama. Wasunsu yanzu suna wucewa ta gaban rumfata a mota, gilashi a rufe, su danna min oda. Ɗaya har an ba shi kujera a ƙaramar hukuma, yana zuwa makarantu yana yi wa yara nasiha a kan tarbiyya. Ɗan Sanyinna kaɗai ya taɓa zuwa duba shi, shi ma bai maimaita ba.

Gari ya tauna maganar, ba zan ce bai tauna ba. Anka yi ta a majalisu da wurin masu shayi, har wani abu ya faru anka koma kansa. Malam ya sami na'ibancinsa, ba wanda ya hana shi, wasu ma cewa sunka yi jarrabawa ce irin ta bayin Allah. Abin da ya ji wa tsoro ke nan, surutun da bai kai daminar gaba ba. A cikin gida kuwa yanzu labarin ya koma sammu, wai mahassada ne sunka ga yaro zai yi fice sunka jefe shi. In ana faɗin haka akwai masu waiwayowa su dube ni. Ban sake taka zauren ba, shi ma bai aiko ba. A jana'iza muna haɗuwa mu yi musabaha kamar baƙi.

Yaron ina ganinsa ranar Juma'a. Yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da bango, don ya sami abin dafawa in za a tashi daga sujada. In an sallame nakan jira shi a waje. Juma'ar da ta wuce ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, akwai abin da yake son gaya min. Ya ce Baffa, ya tsaya. Ya sake cewa Baffa. Mutane suna wucewa suna ce masa Injiniya an sauko lafiya, yana ɗaga musu kai, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, kalmar ta ƙi zuwa. Na ce kar ya gaggauta, ba inda za ni. Munka tsaya har harabar masallaci ta kusa watsewa. Daga baya ya girgiza kai ya sake ni. Na kama hannunsa munka tsallaka titi, na raka shi har bakin lungunmu, na tsaya daga nan ina kallo har ya shige zaure.